Kafin A Zuba Jari A Yazawa: Lissafin Mai, Ruwa Da Ɓawo Daga Gene Zuwa Kwatano

Daga wakilinmu a Malanbil

Idan dai ba a manta ba, tun bayan da sojoji suka karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023 aka datse gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya. Jamhuriyar Benin ta buɗe nata ɓangaren a farkon 2024, amma Nijar ta bar nata a rufe, kaya suka koma tsallaka kogi a jiragen ruwa da tsada da wahala. Wannan ya sa 'yan kasuwa da dama a yankinmu suka shiga neman wata ƙofar da za su saka ɗan abin da ya rage musu na jari. A hirarrakin rumfa, daga babbar kasuwar Malanbil har zuwa kasuwar shanu ta Gene, akwai sunan da ke yawan fitowa, wato yazawa, wadda wasu ke ce wa kashu, masu jin Faransanci kuma su ce akaju.

Ba a banza ake ambatonta ba. Bayan auduga, yazawa ce amfanin gona na biyu da ya fi kawo wa Benin kuɗin waje, kuma a 'yan shekarun nan abin da ƙasar ke samu a shekara ya kai wajen tan 200,000. Sai dai kuma mun lura yawancin masu maganar suna lissafa abu biyu ne kawai, nawa za a saya a ƙauye, nawa za a sayar a Kwatano. Abin da ke tsakani ba a cika kula shi ba: man da injin ban ruwa zai sha, gas ɗin da mota za ta ƙona, itacen da za a hura, wutar lantarkin da masana'anta za ta ja, da kuma ƙarfin jikin ɗan Adam. Duk waɗannan su masana ke haɗawa su kira makamashi, kuma a nan ne ribar mutane da yawa ke zurarewa ba su sani ba.

Gene ba Cawuru ba ce

Gara mu fara da abin da wasu ba za su so ji ba. Asalin bishiyar yazawa daga arewa maso gabashin ƙasar Birazil take, Turawan Fotugal ne suka bazu da ita zuwa Afirka da Indiya tun ƙarni na 16. Inda ta samu wurin zama sosai a Benin shi ne tsakiyar ƙasar: Cawuru, Paraku, Nikki, Jugu, Basila, Sabe, Bante da Sabalu. Can ruwan sama kan haura milimita 1,000 a shekara. Mu nan Malanbil da Gene, a yawancin shekaru ba ma kai wannan adadi, damina gajera ce, rani kuma kan ɗauki wajen wata bakwai. Ko yadda gwamnati ta raba ƙasar shiyya-shiyya ta fuskar noma ya nuna haka: hukumar bunƙasa noma ta ATDA mai ofis a Malanbil, shinkafa da kayan lambu aka ɗora mata a gaba, ita kuwa yazawa tana hannun takwararta ta Paraku.

Wannan ba ya nufin bishiyar ba za ta rayu a nan ba. Tana da juriya, saiwarta na nutsawa ƙasa sosai, kuma idan ta girma ba ta neman a shayar da ita. Matsalar tana ga shekara biyu na farko. Bari mu yi lissafin da kowane ɗan kasuwa zai iya bi da yatsunsa. Hekta ɗaya tana ɗaukar dashe 100 idan an bar mita 10 tsakanin kowace bishiya da 'yar'uwarta, kamar yadda malaman gona ke ba da shawara. A ce kowane dashe za a ba shi jarka ɗaya mai lita 25 sau biyu a mako. Lita 5,000 ke nan a mako, wato duro 25. A rani mai mako 30, duro 750 ke nan, a hekta ɗaya tak. To, wa zai ɗebo wannan ruwa, kuma da me? In amalanken jaki ne, a lissafa abincin jakin da ladan yaro. In injin ban ruwa ne, a lissafa fetur.

Shi kuwa fetur, kowa ya san abin da ya faru. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a Najeriya, cikin 'yan kwanaki farashin lita a gidajen mai ya kusan ninka sau uku. Fetur ɗin kwalba da ake sayarwa a bakin hanya a duk faɗin Benin, wanda mutanen kudu ke kira kpayo, daga Najeriya yake shigowa, don haka shi ma ya tashi. Masu noman albasa da shinkafa a bakin kogin Kwara su suka fara jin zafin abin a aljihu. Su aƙalla bayan wata huɗu za su ga kuɗinsu. Mai yazawa kuwa zai yi ta zuba mai ne yana jiran bishiyar da ba za ta fara ba shi komai ba sai ta shekara uku, ba kuma za ta cika haihuwa ba sai ta doshi shekara bakwai zuwa goma.

A ganinmu, duk wanda zai dasa yazawa a wannan yanki da injin fetur, tun kafin ya haƙa ramin farko ya riga ya ci bashi. Abin da ya fi dacewa shi ne injin da ke aiki da hasken rana, kuma ba sabon abu ba ne a arewacin Benin. Tun 2007 wata ƙungiyar Amurka mai suna SELF ta kafa irin wannan a ƙauyukan Dunkasa da Besasi na yankin Kalale, inda farantan sola ke ɗago ruwa ya bi siraran bututu yana ɗiga a gindin kowace shuka. Kuɗin sayensa da nauyi, amma da zarar an kafa, rana ba ta kai wa kowa takardar biya. Haka kuma akwai dabarun da ba sa cin ko dala: a dasa da farkon damina, a watan Yuni, don saiwa ta kama kafin ruwa ya ɗauke, a lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa, wanda Allah ya hore mana a Malanbil, a sayi dashe mai aure maimakon shuka ƙwallo, don ruwan da aka zuba ya tafi ga bishiyar da aka san uwarta mai haihuwa ce. Sannan a kewaye da shinge. Gene garin shanu ne, dashen da aka shayar wata shida yana iya tafiya a bakin akuya cikin minti ɗaya.

Gonar da ta riga ta girma

Ga waɗanda ke tunanin sayen gona ko haɗa gwiwa da manomi a can kudu, labarin daban ne. Gonar yazawa a Afirka ta Yamma ba ta cika ganin tarakta ko takin zamani ba. Kusan duk makamashin da ke shiga cikinta na hannu ne: sharar ciyawa, sare rassa, fitar da hanyar tare gobara, da tsintar ƙwallo daga watan Fabrairu zuwa Mayu, aikin da mata da yara suka fi yi. Babbar asarar ita ce yawancin tsofaffin gonakin an cusa bishiyoyi ne kusa da juna, rassa suka haɗe, rana ba ta shiga. Ita kuwa yazawa a bakin reshen da rana ke duka take fure. Shi ya sa hekta a Benin ta saba ba da kilo 300 zuwa 400 kawai, alhali gonar da aka gyara kan ninka haka. Mai sharar ciyawa kuɗinsa ɗaya ne, ko gonar ta ba da buhu huɗu ko ta ba da takwas. Rage bishiyoyi da yi musu aski shi ne gyara mafi arha, kuma rassan da aka sare itacen girki ne da za a sayar a mayar da kuɗin masu zarto.

Kada ka biya kuɗin motar ruwa

Nan ne maganar ta shafi ɗan kasuwa kai tsaye, ko da bai taɓa riƙe fartanya ba. Ƙwallon yazawa yana faɗowa ne da danshi a jikinsa. Kafin a zuba shi a buhu sai an shanya shi kwana biyu zuwa uku a rana, a kan daɓe ko tamfal, ana juyawa, har danshin ya sauka ƙasa da kashi 10 cikin ɗari. Alamar da masu saye suka sani ita ce idan ka ɗebi ƙwallon ka girgiza, za ka ji yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani.

Manomin da ke gaggawar kuɗi, ko wanda ya san sikeli zai fi yi masa nauyi, ba zai jira ba. Mu ɗauka ka sayi buhu 100 masu kilo 80, kilo 8,000 ke nan, danshinsu na kashi 15. Idan suka bushe suka koma kashi 9, abin da zai rage kilo 7,470 ne da 'yan kai. Wato buhu shida da rabi na kayanka ruwa ne. Ka biya kuɗinsa a farashin yazawa, ka biya 'yan dako suka ɗora, ka biya mai mota ya ƙona gas ya kai maka shi, sannan mai saye a can ya auna danshi ya zaftare maka farashi. In kuma ka yi rashin sa'a ka zuba a buhun leda irin na taki, kayan za su yi gumi, ƙwayar ciki ta yi baƙi. Buhun algarara shi ne na yazawa, a jera a kan katako, nesa da bango.

Manyan masu saye ba da ido suke ciniki ba. Suna ɗibar kilo ɗaya su ƙirga ƙwallayen, su tsaga kowane da almakashi na musamman, su auna ƙwaya mai kyau, daga nan su fitar da adadin da suke kira KOR, wato nauyin ƙwaya mai kyau da buhu mai kilo 80 zai bayar, da ma'aunin laba. Yazawar Benin ta yi suna ne saboda takan kai 47 ko 48. Danshi na cikin abubuwan da ke saurin karya wannan lamba. Abin takaici, maganinsa kyauta ne. A watan Maris da Afrilu, in akwai abin da ba mu rasa ba a arewa, to rana ce.

Sai batun hanya. Daga Malanbil zuwa Kwatano ya haura kilomita 700, layin dogo kuma tun zamanin Turawa a Paraku ya tsaya. Duk buhun da ya motsa, a kan taya ya motsa. Ƙaramin ɗan kasuwa da ke ɗaukar buhu biyu-biyu a babur daga ƙauye zuwa ƙauye da fetur ɗin kwalba, shi ya fi kowa biyan kuɗin mai a kan kowane kilo. Waɗanda suka haɗa kai suka tara kaya wuri ɗaya, mota ɗaya ta zo ta kwashe, su ke tsira da riba. Wani zai ce ai Najeriya ga ta nan kusa, ta Madekali da Ilwa a faɗa Lolo ta Jihar Kabi. A yi hattara. Hukumomin Benin sun daɗe da hana fitar da ɗanyar yazawa ta iyakokin ƙasa, sannan a 2022 gwamnatin Patrice Talon ta fitar da dokar hana fitar da ita ɗanya daga ranar 1 ga Afrilun 2024, don a sarrafa ta a gida. Sharuɗɗan saye da sayarwa kuwa kowace kaka ake sanar da su. Kafin ka ɗora buhu a mota, je ka ofishin duwan ka ji ta bakinsu, kada ka ji ta bakin dillali.

Ɓawon da ake zubarwa

Yanzu ga inda babban lissafin yake. Idan aka fasa tan ɗaya na ɗanyar yazawa, ƙwayar da ake ci ba ta wuce kilo 200 zuwa 250. Wajen kilo 700 ɓawo ne. Shekara da shekaru Afirka na noma fiye da rabin yazawar duniya, Kodebuwa ita kaɗai ta haura tan miliyan ɗaya a shekara, amma mafi yawanta a ɗanye ake loda ta a jirgin ruwa zuwa Biyetnam da Indiya. Can za a fasa, a sake loda ƙwayar zuwa Turai da Amurka. Mai karatu ya duba: an ƙona man jirgi an tsallaka teku da kayan da kusan kashi huɗu cikin biyar nasu ba abinci ba ne. Kuma su mutanen can ba su ɗauki ɓawon a matsayin shara ba, da shi suke hura tukwanensu, su matse man cikinsa su sayar.

Shi wannan ɓawo yana ɗauke da wani baƙin mai mai kauri, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Shi ne ke ƙona hannun matan da ke fasa yazawa har fata ta saɓule, shi ya sa suke shafa man gyaɗa ko toka kafin su fara aiki. Amma a masana'antu ana haɗa fenti da shi, da abin da ake liƙa wa takalmin birkin mota, ana kuma ƙona shi a manyan injuna a madadin baƙin mai. Saboda wannan mai, kilo ɗaya na ɓawon yazawa ya fi kilo ɗaya na busasshen itace ba da zafi. A ce Benin ta fasa duk tan 200,000 ɗinta a gida, ɓawo wajen tan 140,000 zai taru kowace shekara.

Masana'antar fasa yazawa na buƙatar wuta iri biyu. Akwai zafi: a turara ƙwallon da tururi don ɓawon ya yi saurin tsagewa, bayan an fasa kuma a gasa ƙwayar sa'o'i da dama a ɗakin zafi don jar fatar jikinta ta saki. Akwai kuma lantarki, na injunan fasawa da tacewa da ɗaurewa. Masana'antu irin su Afokantan a Cawuru, Tolaro Global a Paraku da Fludor a yankin Zogbodome sun yi shekaru a wannan aiki, daga baya aka buɗe manyan na kamfanin Benin Cashew a yankin masana'antu na Glo-Jigbe, kimanin kilomita 45 daga Kwatano, wanda gwamnati ta gina tare da kamfanin Arise. Ta fuskar zafi, masana'anta ba ta buƙatar ƙona ko da rabin ɓawon da take fitarwa. Lantarkin ne ke da wuya. Benin ta daɗe tana dogaro da wutar da take saye daga Najeriya da Gana, ko da yake ta buɗe tashar Mariya-Gileta mai megawat 127 a 2019, da tashar sola ta Iluulofin mai megawat 25 kusa da Pobe a 2022. Duk sa'ar da wuta ta ɗauke aka tayar da janareto, kuɗin gas ɗin daga ƙarshe a kan farashin da ake ba manomi yake sauka.

To me ya hana a ƙona ɓawon kai tsaye kamar itace? Duk wanda ya taɓa ganin yara na gasa yazawa a kasko ya san amsar. Man na kamawa da wuta ya tashi da baƙin hayaƙi mai yaji, yana sa tari da hawaye, yana kuma toshe bututun tukunya ya ci ƙarfenta. Maganin da aka samo ya fito ne daga maƙwabta. A Bobo-Julaso ta Burkina Faso, wata ƙungiyar Faransa mai suna Rongead, wadda daga baya ta koma Nitidae, tare da masu bincike da maƙeran garin, sun ƙera wata tanda ta ƙarfe da ake zuba ɓawon a ciki a hana shi isasshiyar iska. Maimakon ya ci da wuta, sai ya riƙa fitar da iskar gas, ita ce ke ci a ƙarƙashin tukunyar tururi ba tare da wannan baƙin hayaƙi ba. Abin da ya rage a gindin tandar kuma gawayi ne, wanda man ya riga ya fita daga jikinsa, za a iya sa shi a kurfoti a dafa abinci. Da ƙarfe da walda ake yin ta, ba sai an aiko da injiniya daga Turai ba.

A nan ne muke ganin ɗan kasuwar Gene da Malanbil yana da shiga, ko da bai mallaki bishiya ɗaya ba. Mu ne ke da ƙarancin itace. Matan da ke gumar shinkafa a Malanbil, masu tuyar ƙosai, masu gidajen burodi da masu gashin nama a ranar kasuwa, duk itace da gawayi suke ci, kuma kowa na ganin yadda dajin Gungun da ke maƙwabtaka da mu yake ja da baya, ga jami'an gandun daji a hanya, ga matsalar tsaro a kewayen dajin W da ta sa shiga jeji ya zama kasada. Can Paraku kuwa, kilomita 300 da 'yan kai daga nan, ɓawo ne ke neman mai kwashewa. Motar da ta sauke albasa ko shanu a kudu, idan za ta dawo da rabin lodi, buhunan gawayin ɓawo ba za su ƙara mata wani gas mai yawa ba. Wanda ya fara ƙulla wannan ciniki da wata masana'anta, mai yiwuwa ya fi wanda ya dasa hekta biyar saurin ganin kuɗinsa.

Sai dai a bambance tsakanin abu biyu, don za a samu masu kawo na banza su ce shi ne. Ɗanyen ɓawo yana da maiƙo, yana barin baƙin tabo a hannu da jikin buhu, ba kuma na murhun cikin gida ba ne, bai kamata a sayar wa mace ta hura shi a ɗakin girki da goyo a bayanta ba. Wanda aka matse mansa ya fi dama, amma shi ma na manyan tukwane ne masu bututun hayaƙi. Gawayin gaske ba shi da nauyi, ba shi da maiƙo, yana farfashewa a tsakanin yatsu, in an hura shi kuma ba ya wari. Mai saye ya nemi a ɗebo masa ɗan kaɗan a hura a gabansa kafin a ɗinke bakin buhu.